Ƙurar sararin samaniya: yadda oksijin ke nuna inda ta fito

Duk bayan 'yan watanni sai ka ga kanun labari irin wannan, wai masana sun gano ƙura da ta girmi rana, ko wai kumbo ya dawo da ƙasar wani dutse da ke yawo a sararin samaniya har an san asalinta. A Satumban 2023 da kumbon OSIRIS-REx na hukumar NASA ya jefo kwanson da ke ɗauke da giram 121.6 na ƙasar Bennu, wani astaroyid, wato dutsen da ke kewaya rana, a hamadar Utah ta Amurka an sha irin waɗannan labarai, kafin nan ma a Disambar 2020 Japan ta dawo da giram 5.4 daga wani astaroyid mai suna Ryugu. Tambayar da ke zuwa wa mutum a rai ita ce, ƙwayar ƙura da ido ma da kyar yake ganinta, ba rubutu a jikinta, to ta yaya wani zai zauna a ɗakin gwaji ya ce wannan daga wuri kaza take, waccan kuma daga wani tauraro da ya mutu tun ba a yi rana ba? Kaso mai yawa na amsar yana cikin oksijin ɗin da ke ɗaure a cikin ma'adinan ƙurar. Sai dai abin da oksijin ke iya faɗa da abin da kanun labarai ke cewa ya faɗa ba kullum suke zama ɗaya ba. Dangin da ƙwaya ta fito yake nunawa, ba kasafai yake nuna takamaiman dutsen da ta ɓalle daga jikinsa ba.

Wace ƙura ake magana a kai

Ba ƙurar hunturu ba ce, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe Kano da Damagaram. Waccan ta duniyar nan ce. Wadda ake nufi ita ce ɓarɓashin duwatsu da ke yawo tsakanin duniyoyi, wani ya samu ne daga karon astaroyid da astaroyid, wani kuma taurari masu wutsiya ne ke zubar da shi idan sun matso kusa da rana ƙanƙararsu ta fara tashi. Yawancin ƙwayoyin da ake tsinta ba su kai rabin milimita ba. Ana ma iya ganin taronta da ido, wannan farin hasken da ke miƙewa tsaye a gabas kafin asuba a wurin da babu wutar lantarki, wanda masana falaki da dama ke cewa shi ne alfijirin ƙarya da malaman fiƙihu ke bambantawa da na gaskiya, hasken rana ne yake bugun wannan ƙurar.

Kuma tana faɗowa kullum. Wani bincike na 2021 da aka yi da dusar ƙanƙarar tashar Concordia a Antatika ya ƙiyasta cewa kusan tan 5,200 ke isowa ƙasa a shekara, wanda ya ninka nauyin manyan duwatsun da ke faɗowa nesa ba kusa ba. Tun balaguron jirgin ruwan Challenger na 1872 zuwa 1876 aka fara tsamo ƙananan dunƙulallun ƙwayoyinta daga ƙasan teku, yanzu kuma ana tattara ta a ƙanƙarar Antatika, da can sama da jirage masu tashi kusan kilomita 20, har da magudanan ruwan rufin gidaje a Turai.

Oksijin iri uku ne

Me ya sa oksijin, ba ƙarfe ko zinariya ba? Saboda shi ne ya fi yawa a jikin dutse, kusan duk ma'adinin da ka ɗauka akwai shi a ciki, sannan yana cikin ruwa yana cikin gas, wato duk abin da ya faru da dutse sai ya bar alama a oksijin ɗinsa. Kowane atam na oksijin yana da furoton 8, amma niyutiron ɗin ciki na iya zama 8 ko 9 ko 10, shi ya ba da oksijin-16 da oksijin-17 da oksijin-18, su ake kira aisotof. Halinsu a kemistiri ɗaya ne, nauyi ne kawai ya bambanta. Idan ka ƙirga atam 10,000 a ruwan teku za ka samu kusan 9,976 na 16 ne, 20 na 18, 4 kacal na 17. Da ruwan tekun ake gwada komai, kuma bambancin da ake aunawa ƙanƙani ne, kashi kaza cikin dubu.

A nan ne dabarar take. Duk abin da ke faruwa a duniya, tafasa ko daskarewa ko narkewar dutse, yana ɗan rarrabe aisotof ɗin bisa nauyi, kamar mai shiƙar gero da iska ke fara ɗauke mata abin da ya fi rashin nauyi. Tunda 18 ya fi 16 da nauyi biyu, 17 kuma ya fi shi da ɗaya, to duk lokacin da 18 ya ƙaru da kashi 2, 17 zai ƙaru da kusan kashi 1, rabi kenan, ko 0.52 in ana son daidai. Saboda haka idan aka zana jadawali, 18 a kwance 17 a tsaye, dutsen Dala da ruwan Kogin Kwara da yashin Tenere da ƙurar hunturu duk suna faɗawa kan layi guda, wani can sama wani can ƙasa amma dai layin ɗaya ne. Ka gasa dutse ka narkar da shi ka niƙa shi, zai matsa gaba ko baya a kan layin amma ba zai sauka daga kai ba. Abin da masana ke aunawa shi ne tazarar da ƙwaya ta ba wannan layin, sama ko ƙasa, domin ita ce zafi ba ya gogewa.

Misali na kusa shi ne dutsen Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoban 1962, mai nauyin kusan kilo 18. Oksijin ɗinsa yana saman layin duniya da kusan kashi 0.3 cikin dubu, daidai inda sauran duwatsun rukuninsa suke. Oksijin ya nuna uwarsu ɗaya, amma bai ce Mars ba ce. Abin da ya ce Mars shi ne gas da aka samu maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu, wanda ya dace da iskar Mars da kumbunan Viking suka auna a 1976. Duwatsun da ake dangantawa da astaroyid Vesta kuma suna ƙasan layin da kusan 0.24. Na Wata kuwa kusan a kan layinmu suke zaune, abin da har yau yake ba masu nazarin asalin Wata aiki.

Dutsen Allende da abin da ya ɓata lissafi

Kafin 1973 yawancin masana sun ɗauka cewa gas da ƙurar da suka haɗu suka zama rana da duniyoyi sun gauraya sosai cikin zafi, don haka komai ya kamata ya hau layi ɗaya. Ranar 8 ga Fabrairun 1969 wani ƙaton dutse ya tarwatse a saman ƙauyen Allende a jihar Chihuahua ta Meziko, aka tsinci kusan tan 2, ga shi kuma daidai lokacin ɗakunan gwaji sun gama shiri suna jiran duwatsun Wata da 'yan sama jannatin shirin Apollo za su kawo. A cikinsa akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo masu yawan kalsiyam da alminiyam, waɗanda aka auna shekarunsu biliyan 4.567, su ne daskararrun abubuwa mafi tsufa da aka san sun samu a cikin tsarin rana. Robert Clayton na Jami'ar Chicago tare da Lawrence Grossman da Toshiko Mayeda suka auna oksijin ɗinsu, sai suka ga 17 da 18 suna raguwa tare kafaɗa da kafaɗa, ba rabi da ɗaya ba, kamar dai an zuba musu tsantsar oksijin-16 har kusan kashi 4 cikin 100. Ga wanda ya saba auna 0.3 cikin dubu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayanin farko na Clayton shi ne wani tauraro ne ya fashe ya watso ƙura mai tsantsar 16 cikin gajimaren da ya haifi rana. Magana ce mai ma'ana tunda manyan taurari ne ke ƙera oksijin-16, matsalar ita ce ba a ga irin wannan alamar a sauran sinadaran da ke cikin ma'adinan ba, irin su magniziyam da silikon, alhali da ƙurar tauraro ce da sun nuna. A 1983 kuma Mark Thiemens da John Heidenreich suka nuna a ɗakin gwaji cewa idan ana haɗa gas ɗin ozon, 17 da 18 suna ƙaruwa daidai wa daida, wato kemistiri kaɗai ma na iya yin abin ba sai tauraro ya fashe ba.

To wa ya kauce, su ko mu

A 2002 Clayton da kansa ya bar bayaninsa na farko ya koma wani. Mafi yawan oksijin ɗin gajimaren farko yana ɗaure ne a gas ɗin kabon monoksaid, hasken ultrabayolet kuma yana fasa wannan gas, amma kowane aisotof da irin zangon hasken da ke fasa shi. Mai ɗauke da 16 ya yi yawa sosai har yana shanye nasa hasken tun daga bakin gajimaren, can ciki kuwa hasken da ke fasa masu 17 da 18 ne kaɗai ke ratsawa. Oksijin mai nauyin da ya kuɓuta sai ya haɗu da haidurojin ya zama ƙanƙara a jikin ƙura, ƙanƙarar ta gangaro ciki ta narke ta yi musayar oksijin da ƙurar da daga baya ta zama Duniya da Mars da astaroyid. In haka ne, to fararen ɗigon Allende su ne suka riƙe oksijin na asali, mu ne muka kauce.

Gwajin wannan magana shi ne a auna rana, tunda ita ke riƙe da sama da kashi 99 cikin 100 na nauyin tsarin gaba ɗaya. NASA ta harba kumbon Genesis a 2001 ya tara ɓarɓashin da rana ke hurowa, da ya dawo ranar 8 ga Satumban 2004 lemarsa ba ta buɗe ba ya daki ƙasa a Utah, amma aka tsince gutsattsarin farantansa aka yi aiki da su. Sakamakon da Kevin McKeegan da abokan aikinsa na Jami'ar California da ke Los Angeles suka fitar a 2011 ya nuna rana ta fi duniya oksijin-16 da kusan kashi 7 cikin 100. Ɗaya ɓangaren hujjar kuma daga Sahara ya zo, wani ɗan dutse mai suna Acfer 094 da aka tsinta a Aljeriya a 1990, bai kai giram 100 ba, a 2007 masana a Japan suka gano wasu ƙwayoyi a cikinsa da 17 da 18 ɗinsu suka haura na duniya da kusan kashi 18 cikin 100, irin abin da za a sa ran gani idan ƙarfe ya yi tsatsa a cikin waccan ƙanƙarar mai nauyi.

Wannan bayani shi ne ya fi rinjaye yanzu amma ba a rufe maganar ba. Su kansu masu goyon bayansa sun rabu kan wurin da abin ya faru, wasu na cewa a babban gajimaren tun kafin rana ta kunnu, wasu na cewa a saman faifan ƙurar da ke kewaye da ita. Thiemens da mutanensa suna ganin kemistirin da ke faruwa lokacin da gas ke zama dutse ya isa ya bayyana abin, akwai kuma masu cewa tun asali ƙura da gas ɗin da muka gada daga taurarin baya ba oksijin ɗaya suka zo da shi ba. Awon Genesis ya tabbatar da cewa rana daban take, bai zaɓi hanyar da hakan ya faru ba.

Ƙwayoyin da suka girmi rana

Nan ne kanun labarai suka fi gaskiya. A cikin wasu duwatsun da ba su taɓa narkewa ba akwai 'yan ƙwayoyi da bambancinsu ba na kashi kaza cikin dubu ba ne, 17 ɗinsu kan ninka na rana sau biyu, sau biyar, wani lokacin fiye. Babu wani abu a tsarin rana da zai iya yin haka, sai cikin tauraro. An fara ware irinsu a 1987, amma masu kabon ne, ƙananan daimon da silikon kabaid, saboda su ne ke tsira idan aka narkar da sauran dutsen da asid. A shekarun 1990 an samu wasu masu oksijin da asid ba ya ci, amma na siliket, wato irin ma'adinin da ya fi yawa a dutse, sun fi wuyar samu, domin ƙwaya ɗaya ce a cikin dubban 'yan uwanta na gida masu kama da ita sak, kuma asid zai cinye su duka. Sai da aka samu na'urar NanoSIMS, wadda ke harba siririn zaren siziyam kan samfur tana auna atam ɗin da ke fallatsowa daga wurin da bai kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, sannan Scott Messenger da abokansa a Jami'ar Washington ta St. Louis suka gano su a 2003 a cikin ƙurar da jirage suka kamo a sama, a 2004 kuma aka same su a Acfer 094 ɗin nan dai.

Yadda ake karanta su ya dogara ne da yadda taurari ke ƙera kowane aisotof. Oksijin-17 yana samuwa inda ake ƙona haidurojin, don haka ƙwayar da ke da 17 da yawa galibi daga tsohon tauraro take irin wanda bai fi rana girma sosai ba, wanda ya kumbura ya yi ja ya juyo da kayan cikinsa waje, kuma waɗannan su ne mafi yawa. Wadda 18 ɗinta ya ƙare sosai ta fito daga tauraron da ya ƙone 18 ɗin a ƙasan rigarsa. Wadda 18 ya yi mata yawa kuma ana danganta ta da fashewar ƙaton tauraro. Larry Nittler ne da abokansa suka kasa su gida huɗu a 1997. A lura, irin tauraron ake faɗa, ba sunansa ba, ya riga ya watse tun fiye da shekara biliyan 4.6. Kuma ba su da yawa, a duwatsun da suka fi adana su ma 'yan ɗaruruwa ne cikin miliyan.

Astaroyid ko tauraro mai wutsiya

Ƙurar da ke faɗowa yau tana da tata matsalar. Tana shigowa da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ba, yawancinta na narkewa na 'yan daƙiƙoƙi a can sama, kuma abu biyu ke faruwa a lokacin. Wani ɓangarenta yana ƙonewa ya tashi, 16 ya fi saurin gudu, wannan dai matsawa ce a kan layi ana iya gyara lissafinta. Na biyun ya fi ɓarna, ƙwayar tana shan oksijin ɗin iskarmu, wanda ke jawo ta zuwa kusa da layin duniya. Don haka mai awo sai ya yi lissafin baya, ko ya nemi ɗan gutsuren ma'adini irin su olibin da bai narke ba a tsakiyarta ya auna shi kaɗai. Ƙwayoyin da asalinsu tsantsar ƙarfe ne kuwa duk oksijin ɗinsu na iska ne, ba su faɗin komai game da gidansu, sai dai masana sun juya abin suna nazarin iskar duniya ta dā da su, har da waɗanda aka tono a duwatsun Pilbara na Ostireliya masu shekara biliyan 2.7.

Abin da awon ya nuna ya ba da mamaki. A cikin manyan duwatsun da ake gani suna faɗowa kusan kashi 80 cikin 100 na rukunin da ake kira kondirait na gama-gari ne, busassu daga ɓangaren ciki na zoben astaroyid, kuma awon ƙasar astaroyid Itokawa da kumbon Hayabusa na Japan ya kawo a 2010 ya tabbatar da wannan alaƙa. Amma a ƙura su ne 'yan tsiraru, mafi yawanta tana ƙasan layin duniya, wajen dangin kondirait masu kabon da ruwa. Akwai kuma wani ƙaramin rukuni mai ƙarancin 16 sosai da bai dace da kowane sanannen dutse da ke ajiye a gidajen tarihi ba.

Daga nan aka rabu. Masu nazarin ma'adinai da dama sun karanta wannan a matsayin hujjar cewa astaroyid masu kabon ne ke ba da yawancin ƙurar. Masu lissafin kewayawar abubuwa a kwamfuta, irin su David Nesvorny a 2010, suka ce yadda gajimaren ƙurar ya bazu sama da ƙasa ba zai yiwu ba sai in kusan kashi 85 cikin 100 daga taurari masu wutsiya na dangin Jupita yake. Da an zaci oksijin zai raba gardamar, sai kumbon Stardust ya dawo a Janairun 2006 da ƙurar tauraro mai wutsiya Wild 2, aka duba aka ga ba tarin ƙurar taurarin dā ba ce kamar yadda aka yi tsammani, yawancinta ma'adinai ne da aka gasa a wuta mai tsanani, da oksijin irin na kondirait masu kabon, har da wata ƙwaya da aka sa wa suna Inti mai kama da fararen ɗigon Allende. Ma'ana kayan da aka dafa kusa da rana sun yi tafiya har can inda ƙanƙara take. Tunda ɓangarorin biyu kayansu ya yi kama, oksijin kaɗai ba zai ce wannan ta astaroyid ce waccan ta mai wutsiya ba, sai an haɗa da gudun shigowarta da yanayin jikinta da sauran aisotof irin su kuromiyam da naitirojin.

Ina ruwan talaka

Ta fuskar lafiya babu abin damuwa, tan 5,200 in aka raba wa faɗin duniya bai kai komai ba kusa da ƙurar da hunturu ɗaya ke sauke wa gari guda. Inda abin ya taɓa mutane kai tsaye shi ne kasuwar duwatsun sama, wadda Sahara ke cikin manyan wuraren da ke ciyar da ita. Baƙin dutse mai nauyi da maganaɗisu ke kamawa ba lallai daga sama yake ba, da yawa tama ce ko kashin maƙera, kuma ko na saman ne farashinsa ya dogara da rukuninsa, na gama-gari ba ya wani tsada, na Mars ko na Wata kuwa wata magana ce daban. Awon oksijin na cikin gwaje-gwajen da ake dogara da su kafin a yi wa dutse rajista a rukuni, 'yan miligiram kawai ake ƙonawa da leza a cikin gas mai fulorin, amma na'urorin galibi suna wasu tsirarun jami'o'i ne a Turai da Amurka da Asiya. Wanda ya tsinci dutse a daji yakan sayar kafin a san ko mene ne, wanda ya kai shi gwaji shi ke sanin darajarsa.

Dutsen NWA 16788 ya nuna girman wannan tazara. An tsince shi a yankin Agadas a Nuwamban 2023, kilo 24 da ɗoriya, gwaji ya sa shi a rukunin Mars ɗaya da Zagami, a Yulin 2025 kuma aka yi gwanjonsa a Sotheby's da ke New York kan kusan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar, kamfanin gwanjon ya ce an bi ƙa'idojin da suka dace wajen fitar da shi, daga baya kuma hukumomin Yamai suka dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da na sama zuwa waje.